Abin da Babba Ya Zuba Ba Ya Shiga Lissafi

Lahadi, 4 ga watan Mangsir, ƙarfe goma na safe

Wayar Yaya Muksam ta yi ƙara ƙarfe tara daidai, ko minti ba ta ƙara ba. Ya cillo mini ita kan katifa kamar wanda ya ɗauki garwashi.

"Auta, duba me budurwar tawa ta ce."

Haka yake kiranta. Ba mace ba ce, ba ma mutum ba ce. Wata na'ura ce a asibiti da ke tura wa samari masu shan giya saƙo, Alhamis da Lahadi. Malamar da ta ɗinke masa goshi ce ta sa lambarsa a ciki ran da aka sallame mu bayan haɗarin jif ɗinsa na haya, shi kuma ya yarda don ta sake shi ya tafi. Yaya bai wuce aji uku ba. Lambar mota yana hango ta tun daga gada, amma layi biyu na rubutu sai ya haɗa gumi. Ni ma a aji biyar na tsaya, sai dai shekara shida ke nan ina aiki a shagon tsofaffin takardu, inda ake ɗora littafi kan sikeli kamar dankali, kuma ban taɓa bari an ɗaure wani ban leƙa cikinsa ba. Don haka ni ne mai karanta masa, ni ne mai rubuta masa.

Saƙon ya ce: "Barka da safiya. Kofi nawa ka sha a makon da ya wuce? Turo lamba kawai."

Na ce, "Nawa zan sa?"

"Uku."

"Uku a wace rana?"

"Kai, ɗan takarda, uku na ce."

Ya ƙirga mini da yatsu, kuma abin haushin, ba ƙarya yake ganin yana yi ba. Tongba ba ta cikin lissafi, don tongba tamba ce da aka tsima aka zuba mata ruwan zafi, abinci ce, ita ta raini kakanninmu. Abin da babba ya zuba maka ba ya cikin lissafi, don ba kai ka nema ba, kuma ba ka da bakin ƙi. Abin da aka sha bayan an ɗiga wa kakanni nasu a ƙasa ba ya ciki, wannan ibada ce. Saura me? Kwalba ukun da ya saya da hannunsa a tasha.

Na rubuta uku. Nan take amsa ta zo: "Madalla! Kana ƙoƙari. Ci gaba a haka."

Yaya ya yi dariya har tabon ɗinkin goshinsa ya motsa. "Ka ji? Ita ta san darajata."

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Ama, uwarmu, ta dafa tamba kasko biyu, ta baza a tabarma tana yayyafa mata garin da ke sa ta tsima. Lokacin biki ne, kowa na son tongbar Ama, ita ke ci da gidan nan tun da Baba ya rasu, na sani, ba sai an tuna mini ba. Gidan duk ya ɗauki tsamin. Da, ina son warin nan.

Tana aiki tana tsine wa akuyar da aka ce ita ta tare mana hanya ran haɗarin. Kullum sai ta tsine mata. "Damisa ta cinye ta, ita da mai ita. Ta kusa raba ni da 'ya'yana biyu rana ɗaya."

Na ɗauki bokiti na ce zan ɗebo ruwa. Randa a cike take.

Laraba, da rana

Na zagaya ta bayan kasuwa don kada in bi ta ƙofar su Tekman, mai sarin lemon da haɗarin ya kwantar. Ƙarin minti ashirin. Gobe ma haka.

Alhamis, 8 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Kawu Harkajit ya sauko daga dutse. Tun daga bakin layi aka ji muryarsa. Shekara ashirin da barin soja amma har yau magana yake kamar yana gaban fareti. Ɗansa Lahang zai yi aure ranar Asabar, ashirin da huɗu ga wata, a ƙauye, sama da garin Hile. Dangin da ke nan Dharan, mutum goma sha uku har da Ama da ƙananan yara, Yaya ne zai kai su da safe ya dawo da su kafin duhu.

An gyara jif ɗin. An sa sabuwar ƙofa a gefen hagu, launinta bai zo daidai da sauran ba. Duk wanda ya gan ta ya san wace ƙofa ce: ta fasinjan gaba, inda Tekman ya zauna.

Na ce, "Kawu, babu wani direban ne?"

Ya juyo da dukan jikinsa. "Ɗan ƙanwata na da mota in je in ɗauko bare? Don akuya ɗaya? Ni na ga motar soja ta kife sau biyu a yini ɗaya, direban ya ci tuwonsa ya sake hawa."

Sai ya zaro kwalbar raksi daga jaka, barasar gida mai ƙarfi wadda matarsa ta tace, fara tas kamar ruwan ido. Ya zuba wa Yaya. Yaya ya karɓa hannu biyu, kai a sunkuye. Ya sake zubawa. Ya sake. Ni na ce cikina na ciwo. Kawu ya ce, "Wannan tun yana goye cikinsa ke ciwo. Takarda ce ta cinye masa hanji."

Ana cikin haka wayar ta yi ƙara a aljihuna. Na karanta a bayan gida: "Hutu ya matso. Wane adadi ka ɗaukar wa kanka ba za ka wuce ba?"

Ina jiyo su suna waƙa. Na rubuta biyu. Ta ce, "Buri mai kyau!"

Wanda ya tsara saƙonnin nan na rantse bai taɓa zama a gidan ɗan ƙabilarmu ta Limbu ba. A farko sun turo bayanin abin da suke kira kofi ɗaya: rabin kwalbar giyar kanti, ko ɗan ƙaramin ma'aunin wuski. Ina tongba? Ina raksin Kawu? Ba su ambata ba, Yaya kuwa ya ce abin da likita bai ambata ba magani ne.

Juma'a, da safe

Na fara jan layi a bayan littafin nan. Duk abin da ya wuce maƙogwaronsa, layi ɗaya, ko wa ya zuba. Ban san don me nake yi ba.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Matar Tekman ta ritsa ni a wurin mai kayan miya. Ba hanyar gudu, ga buhun albasa nan ga keke nan. Ta kama hannuna, wanda aka cire wa filasta, ta ce ta gode da na tsaya tare da shi a ramin har mutane suka sauko. Ta ce an ce ƙafarsa ta dama ta fara jin tsinke. Ta hagu shiru. Ta ce ita ke zuwa sarin lemo yanzu, ba ta iya ciniki ba, ana ta cutarta. Ta ce, "Yana tambayarka. Ku zo mana, ba ku kuka yi ba."

Na ce to. Na bar tumatirin da na saya a kan teburin mutumin.

Lahadi, 11 ga wata, ƙarfe tara da rabi

Layukana ashirin da shida, kuma daga Juma'a kawai na fara, sauran na cike da abin da na tuna. Yaya ya ce huɗu. Na rubuta huɗu.

"Madalla!"

Madalla. Madalla. Ina so in ga fuskar wanda ya rubuta kalmar nan, in ɗora shi a kujerar gaba, gefen hagu, mu hau tsaunin Bhedetar da gajimare a kan hanya.

Talata, ƙarfe shida da kwata na safe

Na fito wanke ido na tarar da Yaya a ɗakin girki shi kaɗai, yana ƙoƙarin zura igiyar takalmi a rami ya kasa. Sau uku. Sai ya miƙa hannu bayan randa ya zaro kwalba ya kurɓa, ya jira, ya zura igiyar lafiya lau.

Ya gan ni. "Sanyi ne."

"Fasinja nawa yau?"

"Ba ka makara shago ba?"

Na ja layi.

Laraba

Saura kwana goma.

Alhamis, 15 ga wata, da yamma

Na gwada Ama. Na same ta tana cusa tamba a tukunya. Na ce ta daina ba shi, ko ta rage, har bayan bikin.

Ta ce, "Tambata ba ta taɓa kashe kowa ba. Ta kanti ce ke kisa. Ubanku ya sha tawa shekara talatin."

Na ce, "Ina uban namu yanzu?"

Bai kamata ba. Ta tsaya da hannu cikin tukunya ba ta juyo ba. Bakin nan nawa wata rana shi zai kai ni. Da dare ta ajiye mini shinkafa da miya a rufe, har da yajin da nake so, ta juya ta tafi. Da ta zage ni ya fi.

Juma'a, da rana

Abubuwan da na yi tunani yau ina ɗaure jarida:

In jefa mukullin motar a kogi. Yana da wani.
In sace iskar taya. Minti goma ne a wurin mai faci.
In sa Ama ta ƙi zuwa. Bikin ɗan yayanta? Ko a makara sai ta je.
In koma wurin ɗan sandan nan mai gashin baki in ce ina so in gyara abin da na faɗa a kan haɗarin.

Na huɗun ban gama tunaninsa ba.

Lahadi, 18 ga wata, ƙarfe tara da minti biyar

Ya ce uku. Yana aske gemu, bai ko juyo ba.

Na rubuta ashirin da tara.

Ba ta ce madalla ba. Ta ce: "Mun gode da ka faɗa mana. Wani daga wurinmu zai kira ka yau."

Na goge duka biyun na ajiye masa wayar a kan taga. 

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Malamar asibiti ta kira shi a tasha, yana tsakiyar direbobi suna shan shayi. Yaya duk kira sai ya buɗe murya don kunnensa na hagu bai dawo daidai ba. Don haka kowa ya ji. Malama Sarmila ce, wadda ta ɗinke shi. Wai ta ga lambarsa ta tashi daga huɗu zuwa ashirin da tara, lafiya? Wai yana tuƙi har yanzu? Wai kada ya yanke gaba ɗaya rana ɗaya, yana da haɗari, ya zo su tsara yadda zai riƙa ragewa.

Direbobi suka samu abin yi. "Ashirin da tara! Muksam, mota ce kai? Lita nawa kake ci zuwa Hile?"

Ya zo shago. Ban ji shigowarsa ba sai da na ji bayana ya daki tarin littattafai. Maigida ya leƙo ya koma.

"Ni za ka tona? Ni?"

"Lambar ce ƙarya?"

"Kai ne yau mai gaskiya? A gaban ɗan sanda wa ya ga akuya? Baƙa ce ka ce, har da ƙararrawa a wuya!"

"Don wa na gan ta?"

"Na roƙe ka?"

"Ba ka da bakin roƙo ran nan, Yaya. Ko sunanka ba ka iya faɗa ba. Ni na cusa maka ɓawon lemo a baki don kada a ji wari."

Ya sake ni. Na ɗauka zai mare ni, har na tanadi kunci. Bai mara ba. Ya tsaya yana kallon sikeli, sannan ya fita, ya taka wani littafin lissafi na 'yan aji shida ya bar masa sawun takalmi.

Ban taɓa rubuta wannan ba sai yau. Ga shi na rubuta, rufin bai faɗo ba.

Litinin

Bai yi mini magana ba. Ama ta ji labarin tasha. Ta ce na kai sunan gidanmu asibiti, gobe mutane za su ce tongbarta ce ke haukata yara. Na akuyar ba ta ji ba. Ko ta ji ta ƙi ji.

Talata, 20 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na bi ta ƙofar. Na shiga.

An fito da gadon Tekman tsakar gida yana shan hantsi. Ya rame, amma bakin yana nan.

"A'a, malamin takarda! Ka cire mini fuskar makokin nan, ban mutu ba. Zauna. Ka kawo taba?"

Na zauna. Na yi ta kallon bargon. Muka yi zancen farashin lemo, muka zagi 'yan sari. Da matarsa ta shiga ɗaki sai ya rage murya.

"Akuyar nan taka, har ƙararrawa ka sa mata. Ka iya tsara magana, ɗan banza."

Na kasa ɗaga kai.

"Bar shi. Kofin ƙarshe a Hile ni na zuba masa. Na girme shi da shekara biyu, ya isa ya ƙi? Da ka faɗi gaskiya da yana kurkuku, ni kuma ƙafar ba za ta tashi don haka ba." Ya gyara filo. "Bai zo ba, ka sani. Ko sau ɗaya. Yana aiko da nama ta hannun yara kamar mai neman aure."

Da zan tafi ya ce, "Na ji zai ɗauki 'yan biki ran Asabar. Wa zai zauna a kujerata?"

Na ce ban sani ba.

Na sani. Ama ba ta iya zaman baya, amai take yi.

Laraba, da safe

Layi uku jiya. Shekaranjiya huɗu. An ce an ga jif ɗin a ƙofar asibiti ran Litinin, ban san ko shi ya shiga ko fasinja ya kai ba. Ba zan tambaya ba. Ba zan sa rai ba. Sa rai ne ke sa mutum ya zama wawa.

Alhamis, 22 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Ya zo shago da ƙafarsa. Ya ajiye wayar a kan sikeli, allurar ta ɗan motsa.

"Karanta."

Kwana huɗu ke nan, kalmarsa ta farko.

Na karanta: "In akwai biki a gabanka, kada ka tafi da niyyarka a ɓoye. Zaɓi mutum ɗaya da zai san ba za ka sha ba. Ya tsaya kusa da kai lokacin da ake zubawa."

Ya ce, "Sake." Na sake.

"Rubuta sunanka."

"Ba ta nemi suna ba. Na'ura ce, Yaya, ba za ta gane ba."

"Rubuta dai."

Na rubuta Yehang. Ta amsa: "Ba mu fahimci saƙonka ba. Turo lamba kawai." Na karanta masa. Ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ni ma ta kufce mini.

Na ce, "Da abokai mai sauƙi ne. Kawu fa?"

Ya shafa inda aka ɗinke masa a goshi, wurin ya yi ja. "Ka san Kawu."

Na san Kawu. A gidanmu kofin da babba ya miƙa ba ya komawa da nauyinsa. Ran da wani surukinsa ya gwada, shekara shida Kawu bai taka gidan ba.

Juma'a

Layi ɗaya. Bai ci abinci ba. Yana ta wanke motar da ta riga ta wanku.

Asabar, 24 ga wata, kafin fitowar rana

Suna loda tukwanen Ama a rufin mota. Yaya ya ɗaura takalminsa a gwaji na huɗu, bai je bayan randa ba, ina tsaye. Ama ta sa jan gyalenta ta zauna gaba, gefen sabuwar ƙofa. Ana kirana.

Lahadi, 25 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Kaina kamar an kafa gatari an manta da shi. Zan rubuta a hankali.

Hawa lafiya muka yi. Da muka iso kwanar da ba na son ambata, sai Yaya ya rage gudu har wata gwaggo ta ce ko mai ya ƙare. Babu wanda ya leƙa ƙasa sai ni. Har yanzu akwai gilashi a cikin ciyawa.

A ƙauye ganguna na tashi, an yanka alade biyu, tongba jere a tabarma kamar sojojin Kawu, kowace da bututun gorarta. Na manne wa Yaya kamar ƙaya a wando. Abokan ango suka kawo, ya ce yana shan maganin asibiti. Suka yi masa tsiya suka wuce. Wata tsohuwa ta kawo, ya tsoma yatsa ya taɓa leɓe, ta yi gunaguni ta wuce. Har ƙarfe biyu ba layi ko ɗaya. Gumi na zuba masa cikin sanyin nan.

Sai Kawu ya taso da butar tagulla cike da raksi. Ya sha ado, ya sha kuma abin da ya sha. Mutane suka buɗa masa. Ya cika kofi har baki ya miƙa.

"Direbanmu! Wanda ya kawo mini dangina. Karɓi."

Yaya ya miƙe, ya haɗa hannu biyu, amma bai buɗe su ba. "Kawu, a yi mini afuwa. Ni zan mayar da su."

"To? Da ƙafa za ka tura motar?"

Aka yi dariya. Yaya ya ce, "Ama na gaba."

Fuskar Kawu ta sauya. Masu ganga na kusa suka sassauta. "A gidana, ran auren ɗana, hannuna a miƙe. Uban wa ya koya maka? Ba dai naka ba."

Na ga hannun Yaya ya fara buɗewa. Na gani da idona, yatsun suna rabuwa. Saƙon ya ce in tsaya kusa, bai ce in yi me ba. Duk littattafan da na karanta babu wanda ya ce in yi me.

Na sa hannu biyu na karɓe kofin.

Na ce, "Kawu, ciki ɗaya muka fito. In ya shiga nawa ya shiga nasa."

Na ɗaga. Wuta. Na ji ta har cikin kunne. Wata biyu rabona da ko ɗigo, da ma can ni ba gwani ba ne.

 Sai Kawu ya fashe da dariya har da buga cinya. "Ɗan takarda! Ashe akwai namiji a ciki! To, ka ɗauki kayan yayanka, sai ka kai shi gida. Kofi uku nake ba direba."

Ya zuba na biyu. Na uku. Sai ƙanin amarya ya ce su ma danginsu suna da kofin direba. Wani dattijo ma ya taso. Biyar na ƙirga, daga nan lissafi ya ɓace. An ce na yi wa Kawu jawabi a kan hanta. An ce na yi rawa da ganga a wuya. An ce na kira wata akuyar gidan na ba ta haƙuri. Wannan ban san ko gaskiya ba ne, Lahang ne ya faɗa.

Abin da na tuna na saukowa kaɗan ne. Kaina a waje ta tagar baya, wata gwaggo riƙe da bel ɗina tana zagina. Iska. Gajimare ya sauko a Bhedetar, ba a ganin bonet. Da na dawo da kai ciki na hangi hannuwansa a sitiyari, sun yi fari don riƙo. Yana tafiya kamar mai bin gawa, manyan motoci na ta yi mana ham. Ama ta ɗora tafinta a kan gwiwarsa, ba ta ɗauke ba har gada. Ba wanda ya yi waƙa. Tafiyar awa uku muka yi a biyar.

Mutum goma sha uku suka hau, goma sha uku suka sauka.

Da muka shiga gida ko takalmi bai cire ba ya ce, "Ama, ɗora ruwa." Ta kalle shi, ta kalle ni ina kwance a ƙasa, ta ɗora. Tongba biyu ya sha. Ina ji, na kasa ko ɗaga yatsa.

Yau ƙarfe tara wayar ta yi ƙara. Bai cillo ba, ya zo ya zauna a bakin katifata. Ya ce in kawo littafin nan, ashe ya san da layukan tuntuni. Muka ƙirga tare, yana bi da farce. Goma sha ɗaya.

Ya ce, "Da na jiya?"

"Ban ja su ba. Tongba ce."

"Ja su."

Sha uku. Shi ya danna da kansa, lamba ai ya iya. Ta ce an samu ragi, amma har yanzu yana sama da abin da ke da aminci. Na karanta masa duka, ban rage ko kalma ba.

Ya ajiye wayar. Sannan ya ce, "Biyar ɗin da ka sha mini fa? A kan wa za a rubuta su?"

Na ce ban sani ba. Har yanzu ban sani ba.

Ɗazu wani mutum ya zo daga Dhankuta. Bikin 'yarsa ran Laraba, ya kama motar, Yaya ya amsa. Ban san su ba, ba danginmu ba ne. Amma can ma akwai wani kawu da buta a hannu, ni kuwa ko ruwa cikina ya ƙi riƙewa.